Jirgin da Lokendra Ya Yi Wa Tsari

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar tsohon filin jirgin garinmu ya san Lokendra Sikarwar, in bai san sunan ba to ya san takalmin, don takalmin ne yake fara shiga idon mutum kafin mai shi. Mutum yana dafa shayi amma ƙafarsa na sheƙi kamar madubi, ga shuɗiyar hular kadet a karkace ta rufe rabin kunne, ka rantse wani babban hafsa ne ya ɓata hanya ya faɗo kan tukunya. To ba hafsa ba ne, bai taɓa zama ba. Shekararsa ashirin da ɗaya yanzu, kuma ƙafar nan mai sheƙi ba ta taɓa rabuwa da ƙasa ba sai in tsalle ya yi, tsallen ma ba wani na kirki ba.

A nan bakin filin aka haife shi. Babansa Jagmohan yana da rumfar shayi jikin wayar da ta kewaye filin tun kafin ya yi aure, gidansu kuma yana bayan rumfar. Wai ranar da aka haifi Lokendra jirgi ya wuce ta saman gidan, uwarsa ta ce alama ce, ɗanta matuƙin jirgi zai zama. Alama fa! Gidan da ke manne da filin jirgi, wace rana ce jirgi ba ya wucewa? Akuyar maƙwabtansu ma ranar da ta haihu jirgi ya wuce, ban ji wanda ya ce 'ya'yanta za su tuƙa komai ba. Amma shi ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Tun yana aji uku ya ce kowa ya riƙa ce masa Kyaftin, ya samo wani baƙin gilashi mai ƙafa ɗaya ya ɗaure da zare, in ana wasan ƙwallon sanda a layi shi yana gefe ya buɗe hannuwa yana vuuu vuuu yana take wa mutane kashin shanun da suka shanya. Lissafi kuwa kar ma a yi maganarsa, sau biyu malaminsu yana zuwa rumfar shayi da takardarsa a hannu.

Yana shekara goma sha bakwai ya shiga rundunar kadet ta sojan sama, wadda ofishinta yake cikin filin. Kuma wallahi wurin nan ba ƙaramin abu yake ba yara ba, duk kyauta. Kaki kyauta, takalmi kyauta, kowace Asabar fareti, ana tashi a ba ka samosa biyu da ayaba. Akwai harbi da bindiga ta gaske, akwai aji inda ake koya maka yadda iska take ɗaukar jirgi da karatun taswira da na gajimare, akwai ɗakin ƙera ƙananan jirage na katako masu tashi da rimot, akwai sansani na kwana goma a tanti, in ka gama shekara uku ga satifiket da yake taimakon mutum in zai nemi aikin soja. Sannan babban abin, abin da yake hana yara barci, wani ɗan jirgi fari mai kujera biyu da ke rumfar can ƙarshen fili, wanda Kwamanda da kansa yake tuƙawa ya ɗauki kadet ɗaya ya zaga da shi sama minti goma sha biyar, har ya sakar masa sandar tuƙi ya ɗan riƙe. Sai dai jirgi ɗaya ne, kadet sun fi ɗari biyu, don haka ba a ɗaukar kowa sai waɗanda aka zaɓa zuwa babban sansanin ƙasa na ƙarshen shekara. Mutum goma sha biyu kacal.

To a duk wannan garar da aka shimfiɗa, me Lokendra ya zaɓa? Goge takalmi da ihu.

Takalmin nan sai ya kunna kyandir ya gasa man a kai, ya kawo auduga da ruwa da ɗan yawu ya yi ta murzawa awa biyu cur. Hula ya jiƙa ta ya ɗora a kai ya danne gefe ɗaya ya zauna a rana har ta bushe a kansa. Wando kuwa sitatin da yake zuba masa, in ya cire ya ajiye tsayawa yake da kansa kamar da mutum a ciki, kuma in ka tambaye ni wandon ya fi mai shi sanin abin da ya kawo shi. Murya dai Allah ya ba shi, in ya ba da umarni a fili har tattabarun tashar jirgin ƙasa sai sun tashi, saboda ita aka liƙa masa igiya uku ya zama sajan. Ranar harbi aka ba kowa harsashi biyar, aka je duba takardu, tasa fes ko ƙwarzane babu, ta yaron da ke kwance kusa da shi rami tara. A aji yana can baya yana goge kan bel da gefen hankici. Ɗakin ƙera jirage kuma ya ce wannan aikin kafintoci ne, shi matuƙi ne, matuƙi ba ya shaƙar ƙurar katako. Sababbin yara su suka fi shan wuyarsa, maɓalli ɗaya ya karkace sai tsallen kwaɗo daga tuta zuwa ƙofa, samosa ta biyu kuma ta sajan ce, wai harajin horo.

Shekara ɗaya ta wuce ba sunansa. Ta biyu ta wuce ba sunansa. Ta uku ita ce ta ƙarshe, daga ita sai a karɓi kaki a ce a sauka lafiya.

Babansa mutum ne mai haƙuri amma gwiwoyinsa ba su da shi, tsayuwar shekara talatin a gaban murhu ta cinye su. Wata safiya Lokendra yana zaune kan bencin masu shan shayi yana gasa takalmi, tsohon ya sauke tukunya ya dube shi.

"Beta, ɗana, kyandir ɗin nan na rumfa ne."

"Babu-ji yanzu zan gama," in ji Lokendra, don haka yake kiran babansa.

"Shekara uku kana yanzu zan gama. Ɗan gidan Tomar da kuka shiga tare ya hau jirgin nan bara, na gan shi da idona, har ya sauko ya yi amai a bayan rumfata. Kai me ka hau?"

"Bana ai ba makawa, na rantse da uwata. Kwamanda Sahab da kansa ya ce ba shi da sajan kamata."

"To madalla. Bana in sun ɗauke ka, je ka, ni da kaina zan kai ka tasha in rataya maka furanni. In ba su ɗauke ka ba, ga tukunya ga mataci, ni zan zauna a bencin nan in huta, kai ka tsaya a nan. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya ji. Kuma ya san tsohon ba ya magana biyu.

Matsalar ita ce babban sansani ba a zuwa da murya kawai, kowa sai da abin da zai je ya yi gasa a kai. Masu harbi an cika, kuma ko ba a cika ba wa zai ba shi bindiga? Masu rubuta jarrabawa an cika. Gurbi ɗaya ya rage a duk rundunar, shi ma don zazzaɓin taifot ya kwantar da mai shi ne, wato abokin aikin mai tuƙa ƙaramin jirgin rimot. Mutum biyu ake so, ɗaya ya riƙe rimot, ɗaya ya shirya jirgin ya ruga da shi ya cilla shi sama da hannu. Sai ga Kyaftin guda, mai cewa ba ya shaƙar ƙurar katako, a ƙofar ɗakin kafintoci ya haɗa tafin hannu yana Ustad-ji Ustad-ji. Ustad Dhakad shi ne tsohon da ke kula da ɗakin, gajere mai furfura, kullum da fensir a bayan kunne. Ya dube shi sama da ƙasa ya kama dantsensa ya latsa kamar mai taya rago.

"Hannun dai dogo ne, zai yi jifa. Kan ne ban sani ba. Shiga, amma kar ka taɓa komai sai Tabassum ta ce taɓa."

Tabassum Mansuri ke nan, mai riƙe rimot ɗin, 'yar shekara goma sha shida, 'yar firit da ita, babanta gyaran fanka yake a kasuwa, tun tana ƙarama take taya shi naɗa waya. Yatsunta kullum gam ne da yankan reza, takalminta kuwa bai taɓa sheƙi ba, sau biyu Lokendra yana sa ta zagaye fili da gudu a kansa. Wata huɗu ta yi tana ƙera jirgin nan, haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, fiffikensa ya kusa tsawonta, ta yi masa fenti ja da fari. Ta ɗago ta ga wanda aka kawo mata.

"Ustad-ji, ba wani? Ko mai shara?"

"Ke, da sajan kike magana fa," in ji Lokendra.

"A fili kake sajan, bhayya, yayana. A nan riƙe min wannan, kar ka matse, ba wuyan sabon kadet ba ne."

Sati uku suka yi tare, in dai za a kira wannan tare. Ita tana aiki shi yana ɗaukar hoto da jirgin yana turawa abokai, wai ga jirgin da na ƙera. Kuma akwai abu ɗaya da duk wanda ya taɓa zama a ɗakin nan ko na yini ɗaya ya sani, don Ustad yana faɗa har ya zama kamar waƙa: kafin jirgi ya tashi sai an ɗora shi a kan yatsu biyu. Akwai ɗigon fensir biyu a ƙarƙashin fiffike, dama da hagu, ka sa kan yatsa a kowanne ka ɗaga. In ya zauna daidai, hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, to lafiya. In wutsiya ta rinjaya ko yaya ne, kar ka kuskura ka sake shi. Tabassum ta yi yini guda tana yankan dalma ƙanana kamar ƙwayar shinkafa tana liƙawa a hanci, ta ɗora a yatsu, ta cire ɗaya, ta ƙara rabi. Har ta kira shi ta nuna masa.

"Bhayya ajiye wayar nan ka duba. Ka ga ɗigon nan? Ka ga yadda hancin ya yi?"

"Na sani, na sani. Ni da aka haifa a bakin fili za ki koya wa jirgi?"

"Kurciyoyin rumfar can ma a fili aka haife su, su aƙalla suna tashi."

Ko kallon wurin bai yi ba, yana gyara hula a gilashin taga.

Ranar Alhamis aka gwada jirgin, ya tashi sumul, ya zaga fili sau shida ya sauka kamar an ajiye shi da hannu. Yara suka yi ta tafi. Wasu kadet na wata makaranta da suka zo harbi suka kewaye shi suna kai wannan jirgi ya haɗu, kai dubi fenti, kai wannan ai ya ci gasar ya gama. Tabassum ta ji daɗi. Lokendra kuwa hankalinsa ya tashi. Yabo haka a fili, ido sama da hamsin a kan abu sabo, ba wanda ya ko ɗiga masa baƙin tabo? Ga shi jibi Asabar Kwamanda zai zo ya gani da idonsa ya sa hannu a sunaye. Ya koma gida ya gaya wa uwarsa, ita kuma ta dafe ƙirji.

"Sabon abu ya fita tsirara haka ba tsari? Motar kawunka ka taɓa ganinta ba lemun tsami? Shekara goma sha ɗaya yana hanyar Agra ko taya bai taɓa fashe masa ba. Bakin mutane fa, beta, ya fi wuƙa."

In za a faɗi gaskiya ba su kaɗai ba ne. Duk garin nan wa ba ya ratayawa? Lemun tsami ɗaya, barkono bakwai, ɗan gawayi a ƙasa, a zare guda, kowace Asabar a cire tsohon a sa sabo. Kowace riksha mai ɗaukar fasinja da shi, kowane shago da shi, babur ɗin Ustad Dhakad kansa da shi yana lilo a ƙarƙashin fitila. Amma mai hankali ya san bambancin motar da ke ɗaukar buhu ɗari biyu da jirgin da ake auna shi da ƙwayar shinkafa.

Asabar da sassafe ya tsaya wurin tsohuwar da ke sayar da su a mahaɗar titi, ya bi tiren nan kaf yana dubawa, ya zaɓi wanda lemunsa ya fi kowanne girma. Dole mana, ai Kyaftin ba ya harkar ƙananan abubuwa. Makullin ɗakin yana hannunsa tunda shi ne sajan. Ya shiga ba kowa. Ya san in ya rataya a waje Kwamanda zai gani ya yi faɗa, in ya sa a gaba wurin batir Tabassum za ta gani, don haka ya cire robobin da suka riƙe fiffike, ya ɗaga shi, ya leƙa cikin jirgin ya ga can baya wajen wutsiya fayau ba komai, wuri kamar don shi aka bari. Ya cusa lemun da barkonon, ya sa sandar faretinsa ya tura, ya tura, har ya ji ya cije. Ya mayar da fiffike ya ɗaure. Har ya yi 'yar addu'a ya shafi hancin jirgin ya shafi goshinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi a duk labarin nan shi ne ya ɗora shi a yatsu fa. Ya ɗora! Ya ga ana yi, shi ma ya yi. Ya sa yatsu a ɗigon nan biyu ya ɗaga, wutsiya ta yi ƙasa, hanci ya ɗaga sama, sai ya yi murmushi. A ransa ya ce yawwa, yanzu ka zama jirgi, da kana ta sunkuyar da kai kamar maroƙi, jirgi ai sama yake kallo.

Kwamanda ya zo da wuri don yana da tashi ƙarfe tara. Tabassum kuma jirgin ƙasa na kaya ya tare ta a mararrabar dogo, ta iso a guje tana haki, jakar rimot tana dukan bayanta, ta tarar an jera yara sahu uku, an kafa tebur da farin ƙyalle, Kwamanda yana zaune da takardar sunaye da biro. Lokendra yana tsakiyar fili ya ɗaga jirgin a kafaɗa wani yaro yana ɗaukarsa hoto. Ta zura batir ta gaba, ta gwada fiffike da wutsiya suna motsi.

"Ba ni in ɗora shi a yatsu."

"Na ɗora."

"Kai ka ɗora?"

"Na rantse da uwata na ɗora, ras yake, ya ma fi da."

"Ya fi da kamar yaya? Bhayya kawo shi nan."

"Ke Kwamanda Sahab yana kallonmu, so kike a ce ba mu shirya ba? Koma wurinki!"

Da muryar fareti ya faɗa, har sahun baya suka ji. Sai usur, firrr, minti biyu a tashi ko a fita daga fili. Ta dube shi, ta dubi teburin, ta ciji leɓe ta koma ta riƙe rimot. Farfela ta ɗauka. Lokendra ya ruga taku ɗaya biyu uku, kuma jifan kam ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba, ya cilla shi.

Jirgin bai yi gaba ba, sama ya miƙe tsaye kamar an ja shi da igiya. Lokendra ya daka tsalle yana kun gani, kun gani! Tabassum kuwa ta danna sandar rimot gaba har ƙarshe tana ihu sauko da hanci, sauko, Ustad-ji ba ya ji! Ustad ya riga ya cire fensir daga kunne ya riƙe kai. Jirgin ya hau ya hau, ya kai tsawon bishiyar darbejiya biyu, sai ya tsaya cak a sama yana rawa, ya kifa ta gefen hagu, ya juyo, ta ɗan kamo shi, ya sake ɗaga hanci, ya sake kifawa, sannan ya taho yana juyi kamar ganye ya daki kwalta, tas! Taku goma daga teburin Kwamanda. Wata huɗu na aikin yarinyar nan ya watse kamar kwalin ashana.

Sai ga wani abu kore-kore rawaya ya fito daga fasasshiyar wutsiya yana gangarowa a hankali, yana jan barkono bakwai a bayansa, ya gangaro ya gangaro har ya zo ya tsaya jikin takalmin Kwamanda.

Kwamanda ya sunkuya ya ɗauka ta zaren, ya ɗaga yana lilo. Wani a sahun baya ya kasa riƙewa ya yi fuf ta hanci, aka zungure shi.

"Na wane ne?"

Lokendra ya buga ƙafa, ya sara, ƙirji a gaba.

"Nawa ne, Sahab!"

Wasu suna cewa aƙalla bai bar yarinyar da laifi ba, to haka ne, bai bari ba. Amma ku da kun ga fuskarsa, shi fa har lokacin bai gane ba, jira yake a ce masa sannu da ƙoƙari.

"Me yake yi a cikin jirgi, sajan?"

"Tsari ne Sahab. Shekaranjiya an yi masa baki da yawa."

"Shekararka nawa a rundunar nan?"

"Uku, Sahab!"

"In aka ƙara wa jirgi nauyi a wutsiya me yake faruwa?"

Kwamanda ya juya ya nuna wata 'yar sabuwar shiga a sahun gaba, wadda hularta ma ta yi mata yawa, ko wata biyu ba ta yi ba. Ta ce hanci zai ɗaga, iska ta sake shi, ya faɗo Sahab. Kwamanda ya ce na gode. Ya ɗauki biro ya ja layi ɗaya a takardar, kowa ya ji ƙarar layin. Ustad ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce Sahab a cire masa igiyar? Kwamanda ya ce bar masa, ita kaɗai ya koyi ɗauka. Sannan ya dubi Tabassum ya ce motar sansani Laraba za ta tashi, in ta iya tayar da wani kafin nan gurbinta yana nan, ta zaɓi mai jifan da take so.

Aka sallami fareti. Abin da ban zata ba, Lokendra ne ya fara zuwa wurin tarkacen. Ya durƙusa a kwalta da wandon sitatin nan nasa, yana tsince katakon ɗaya ɗaya yana tarawa a cikin hularsa, hular da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai, hawaye yana ɗiga a hancinsa. Son jirgi kam yana so, tun yana vuuu vuuu a layi yake so, sanin jirgin ne bai taɓa ganin ya kai ya ɓata lokacinsa a kai ba. Tabassum ta zo ta tsaya a kansa, kowa ya ɗauka mari za ta kai masa. Ta karɓi hular ta juye katakon a jakarta, ta ciro injin da batir daga tarkacen, sannan ta je teburin ta ɗauko lemun ta saka masa a tafin hannu ta naɗe masa yatsu a kai.

"Kai wa Babu-ji, bhayya. A matsa a shayi, kar a yi asara biyu."

Kwana huɗu ita da Ustad da babanta mai fanka suka yi a ɗakin nan, suka haɗa tsohon fiffiken wani jirgi da sabon jiki, mummuna da shi ba ko fenti, amma ya zauna a yatsu. 'Yar mai babbar hular nan Tabassum ta ɗauka ta yi mata jifa. Ranar Talata da yamma, kafin su tafi, Kwamanda ya ɗauki 'yan tawagar ɗaya bayan ɗaya a farin jirgin nan, kuma hanyar tashinsa ta saman rumfar shayi take bi. Sau goma sha biyu ya wuce. Jagmohan yana zaune a benci ya miƙe ƙafafu yana shafa gwiwa, mataci kawai ya miƙa wa Lokendra.

Yau shekara guda ke nan Lokendra yana gaban tukunya. Kaki sun karɓe, takalmin da hular ya ce sun ɓata, ga su nan a jikinsa kullum. In baƙo ya zauna, kafin shayi ya tafasa ya ji labarin, sai dai nasa daban ne: wai jirgin nan kan Kwamanda ya nufa kai tsaye, lemun ne ya kautar da shi taku goma, da ba don shi ba da yanzu ana zaman makoki, amma duniya ba ta san alheri ba. Kuma kowace Asabar akwai sabon lemu a sandar rumfar, mafi girma a tiren tsohuwa.

In farin jirgin ya taso kuwa, ko me yake yi sai ya saki ya ɗaga kai, baki buɗe, ya bi shi da ido har ya shige bayan tankin ruwa, madara ta yi ta zuba a wuta, tsohon yana daga benci yana beta, tukunya, tukunya! Yaran da ya sa tsallen kwaɗo yanzu su ne masu igiya, in an tashi fareti nan suke tararwa da samosarsu biyu cif a hannu, su zauna su ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kyaftin, shayi huɗu. Ban da lemun tsami fa, yau za mu tashi."